Sophie Germain, Matar da Ta Yi wa Rawar Kwano Lissafi

'Yan'uwa ɗalibai, kalmar nan Poli da muke faɗa safe da yamma, a tasha da bakin get, ba a Katsina aka raɗa ta ba. Asalinta sunan wata makaranta ce a birnin Faris na ƙasar Faransa, École Polytechnique, wadda aka buɗe a 1794 don horar da injiniyoyi, kuma daga can sunan ya bazu duniya har ya iso gare mu. Makarantar nan ta yi shekara 178 ba ta ɗauki mace ko ɗaya ba, sai a 1972. A shekarar da aka buɗe ta kuwa akwai wata budurwa 'yar shekara 18 a cikin birnin, wadda ba ta da burin da ya wuce ta zauna a ajin lissafi na makarantar. Sunanta Sophie Germain. Zan riƙa ce mata Sofi, don ya fi daɗin faɗi.

Ni ɗalibar sashen injiniyan gine-gine ce, ɗiyar Batsari, dangin mahaifiyata kuma suna Safana. Duk wanda ya tashi a ɗakin kwano a yankin namu ya san wani abu tun kafin ya shiga firamare: kwano yana amsawa ko ba a taɓa shi ba. A yi cida can nesa, rufi ya ɗauki karkarwa. Maƙwabci ya tada injin niƙa, gilashin taga ya kama zuza. A 'yan shekarun nan ma mun ƙara sanin wani sabo, idan jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa ya nufi wajen Dajin Rugu, sai ka ji rufin gida duka ya amsa masa, tsofaffi na salati. Ba dutse aka jefa ba, ba guguwa ba ce, ƙara ce kawai. To ta yaya ƙara ke girgiza ƙarfe? Kafin a iya amsa wannan sai an fara sanin yadda shi kansa siririn falle yake kaɗawa, kuma Sofi ce ta fara tunkarar wannan da alƙalamin lissafi a lokacin da manyan masana suka ja da baya.

An haife ta ranar 1 ga Afrilu 1776 a Faris, ita ce ta tsakiya cikin 'ya'ya mata uku. Mahaifinta, Ambroise-François Germain, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, har an zaɓe shi wakili a majalisar da aka kira a 1789, wadda daga ita juyin juya halin Faransa ya ɓarke. Sofi na da shekara 13 a lokacin. Gari ya rikice, tituna ba su biyuwa, sai aka tsare yara a gida. Zaman gidan ne ya tura ta ɗakin littattafan mahaifinta, inda ta ci karo da littafin tarihin lissafi na wani malami mai suna Montucla. A ciki ta karanta labarin Arkimidis, masanin Girka, wanda aka ce sojan Rum ya kashe shi yana duƙe a kan zanen lissafinsa bai ma lura an ci garinsu ba. Yarinyar nan sai ta ƙudura a ranta cewa duk ilimin da zai sa mutum ya manta da takobi a kansa, lallai ya isa a bi shi.

Iyayenta ba su so ba ko kaɗan. A ganin mutanen zamanin, lissafi ba na ɗiya mace ba ne, har ana jin tsoron ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Abokinta Libri, wani masanin lissafi ɗan Italiya da ya rubuta tarihinta bayan rasuwarta, ya ba da labarin cewa sun riƙa kashe mata wutar ɗumama ɗaki, su kwashe kyandir da kayan sanyi don dole ta kwanta. Ita kuwa sai ta ɓoye kyandir, ta ƙudundune a bargo ta yi ta karatu, a cikin sanyin da har tawada ke daskarewa a kwalba. Da suka ga abin ya fi ƙarfinsu sai suka sallama. Ita da kanta ta koya wa kanta Latin don ta karanta Newton da Euler. Mahaifin nan da ya fara hana ta, shi ne daga baya ya ɗauki nauyinta, don ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa riƙe aikin albashi ba.

Wannan wurin ya tsaya mini a rai. Mu ma mun san zaman gida na dole. Ina da ƙawayen firamare a ƙauyukan Batsari da na Safana waɗanda karatunsu ya tsaya cak saboda hanya ba ta biyuwa, ko iyaye sun yi hijira zuwa cikin gari, daga nan sai aure. Bambancinsu da Sofi ba kaifin kai ba ne. Ita da aka rufe mata ƙofa, akwai ɗakin littattafai a bayan ƙofar.

Da aka buɗe Polin tasu, tsarin makarantar ya bar wata 'yar kafa. Ana iya samun takardun lacca, irin handawut ɗinmu, kuma ɗalibai kan rubuto nasu nazarin su miƙa wa malami. Sofi ta samo takardun, ta riƙa aika aikinta da sunan wani tsohon ɗalibi, Antoine-Auguste Le Blanc. Sojan gona ke nan sak, abin da a nan zai sa a kore ka ko jakarka ba ka ɗauka ba. Sai dai nata sojan gonar a juye yake: ba wani ta sa ya rubuta mata ba, ita ce ke rubutawa tana ba wani suna. Malamin da takardun ke zuwa hannunsa shi ne Lagrange, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na duniya a lokacin. Aikin ya burge shi, ya nemi ganin wannan Le Blanc, sai ga budurwa. Bai kore ta ba, ya ci gaba da ƙarfafa mata gwiwa. Amma fa aji bai buɗe mata ba. Abin da ta samu shi ne shawara jefi-jefi, ba karatu mai tsari daga tushe ba, kuma za ku ga inda wannan giɓin ya cije ta.

Son ranta na farko shi ne ilimin lambobi. A 1804 ta fara rubuta wa Gauss, gwanin Jamus, nan ma da sunan Le Blanc. A 1806 sojojin Napoleon suka mamaye Braunschweig, garin da Gauss yake. Sofi ta tuna da Arkimidis, hankalinta ya tashi, ta roƙi wani janar abokin gidansu, Pernety, ya aika a duba lafiyarsa. Aka tarar da Gauss lafiya lau, sai dai ya rasa gane wace mace ce a Faris ta damu da shi haka. A 1807 ta bayyana masa gaskiya, ya mayar mata da amsa cike da yabo. A wannan fannin ta yi aiki mai nauyi a kan tsohuwar matsalar nan ta Fermat, kuma har yau akwai lambobi masu sunanta: lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, wadda idan ka ninka ta biyu ka ƙara ɗaya za ka sake samun irinta, kamar 5 da ke ba da 11, ko 11 da ke ba da 23. 'Yan sashen kwamfuta za su haɗu da su a darasin kulle saƙonni. Na bar musu wannan, ni kwano ya kawo ni.

A 1808 wani Bajamushe mai suna Ernst Chladni ya iso Faris da wani abu kamar siddabaru. Lauya aka horar da shi bisa tilascin mahaifinsa, amma kiɗa da sauti ne a ransa. Yakan ɗauki fallen tagulla ko na gilashi, ya riƙe shi a tsakiya, ya barbaɗa masa rairayi, sannan ya goga baka irin na goge a gefensa. Fallen ya ɗauki amo, rairayin ya yi ta tsalle, cikin ƙiftawar ido ya jeru ya zama zane: gicciye, taurari, zobba, kamar zanen ƙwarya. A sauya wurin gogawa ko wurin riƙo, amo ya sauya, zane ma ya sauya. Dalilin ba boyayye ba ne. Idan falle na kaɗawa, wani yanki na yin sama yayin da na kusa da shi ke yin ƙasa, a tsakaninsu kuwa akwai layin da ba ya motsi. Rairayi na gudu daga inda ake rawa ya taru inda ake tsaye. Chladni ya nuna wa Napoleon wannan, Napoleon ya ba shi faran 6,000 don a fitar da littafinsa da Faransanci, aka kuma sa gasa a Cibiyar masana kimiyya ta Faransa: duk wanda ya fito da lissafin da ke bayyana kaɗawar irin waɗannan fallaye, ya kuma gwada shi da abin da ido ya gani, zai karɓi lambar zinariya ta faran 3,000. An ba da shekara biyu, zuwa 1811.

Me ya sa abin ke da wuya? Ku dubi kalangu. Fatarsa ba ta da ƙarfin kanta, tsarkiya ce ke ɗaure ta. Makaɗi ya matse hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. Tsirkiyar gurmi ma haka, ɗauri ne ke ba ta murya. Irin wannan lissafin masana sun riga sun yi nisa a kansa. Fallen ƙarfe kuwa ba wanda ya ɗaure shi, taurinsa ne ke mayar da shi idan an lanƙwasa. Euler ya yi lissafin sandar ƙarfe mai kaɗawa, amma sanda ta fuska ɗaya take lanƙwasa. Falle kuwa a kowane ɗigo yana iya lanƙwasa ta fuska biyu lokaci guda. Lagrange da kansa ya nuna cewa lissafin da ake da shi a lokacin bai kai ga warware wannan ba, kuma maganar babba irinsa ta sa kowa ya kama kansa. Da wa'adi ya cika a 1811, takarda ɗaya tak aka samu. Ta Sofi ce.

Dabararta tana da kyau, kuma ko ba ka son lissafi za ka gane ta. Ɗauki gwangwani: bangonsa ya lanƙwasa ta zagaye, amma a miƙe yake ta tsawo. Ɗauki ƙwarya: ta lanƙwasa ta fuska biyu, duka gefe guda. Ɗauki sirdin doki: daga gaba zuwa baya ya lanƙwasa sama, daga dama zuwa hagu ya lanƙwasa ƙasa. Sofi ta ce a kowane ɗigo na falle a nemo lanƙwasa mafi girma da mafi ƙanƙanta, a tara su, to ƙarfin da fallen ke yi don ya koma daidai yana tafiya ne da wannan jimlar. Tushen ke nan. Amma wajen fitar da ikweshan daga tushen ta yi kuskure, saboda hanyar da ake bi wani reshe ne na kalkulas da ba ta taɓa zama gaban malami ta koya ba. Alƙalai suka hana kyautar. Lagrange, yana cikinsu, ya ɗauki tushen nata ya bi da shi ta hanyar da ta dace, sai ga ikweshan ɗin da har yau ke cikin littattafan injiniya, wanda wasu ke kira da sunansu su biyun.

Aka ƙara wa'adi. A 1813 ta sake shiga, ta nuna cewa ikweshan ɗin na fitar da wasu daga cikin zanen Chladni, aka ba ta yabo ban da zinariya. A shekarar Lagrange ya rasu, ta rasa babban bangonta. Sai ga Poisson, tsohon ɗalibin Polin da ta kasa shiga, wanda ya zama ɗan Cibiyar har ya zauna cikin alƙalan gasar, ya ga takardunta. A 1814 ya gabatar da nasa aikin a kan wannan matsala, ya iso ga ikweshan iri ɗaya ta wata hanya, bai kuma ba ta haƙƙinta na ambato ba. Alƙali ya shiga kokawar da yake alƙalanci, kun ji fa. Duk da haka ta shiga karo na uku, ta yi gwaje-gwaje da hannunta har a kan fallaye masu lanƙwasa, kuma ranar 8 ga Janairu 1816 aka sanar cewa ta ci. Ita ce mace ta farko da ta karɓi kyautar wannan Cibiya. Jama'a sun taru don su ga matar, ba ta zo bikin ba.

Ba na son in mayar da ita waliyyiya. Ko a karo na ukun alƙalai sun ce hujjar ba ta gama tsayuwa ba. Littafin da ta buga da kuɗinta a 1821 ma yana da raunin. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka yi da raunin. Namiji ɗan Cibiya idan ya yi kuskure, abokansa za su yi masa ca a zaure har ya gyara. Ita kuwa sai a yi mata ladabi, a gode, a ajiye takardar. Wanda ba a yi masa gyara ba ai an raina shi ne, ko da murmushi aka yi. Sauran aikin ya ɗauki lokaci: sai a 1850 Kirchhoff ya daidaita sharuɗɗan bakin falle, wato abin da ke faruwa a gefen da ba a ɗaure ba, sannan sai a 1909 Walther Ritz ya iya lissafo zanen falle mai kusurwa huɗu irin na Chladni. Shekara ɗari cif bayan sa gasar. Hanyar Ritz ɗin tana cikin kakannin manhajojin da injiniyoyi ke gwada gini da su a kwamfuta yau.

Yanzu mu dawo gida. Me wannan lissafi ke cewa game da rufinmu? Na farko, kowane falle yana da muryoyinsa na kansa, ba ɗaya ba, jeri guda, kuma kowace murya da zanenta. Girman fallen, kaurinsa, irin ƙarfensa da inda aka buga masa ƙusa su ke tsayar da su. Na biyu, taurin shimfiɗaɗɗen falle ba ya tafiya kai da kai da kauri. Idan ka rage kauri zuwa rabi, tauri ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin takwas zai koma. Shi ya sa kwanon nan mai araha da ake kira shafa-shafa a raina, wanda yaro zai iya naɗewa da hannu, yake da surutu haka. Shi ya sa kuma ake yi wa kwano ƙunya-ƙunya: tudu da kwarin nan suna ba shi tauri ta tsawo ba tare da an ƙara ƙarfe ba. Wani injiniya a Landan, Henry Palmer, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1829, Sofi na da rai.

Amma akwai abin da ikweshan ɗin gasar bai ƙunsa ba, kuma shi ne amsar tambayarmu ta farko. Ya ɗauki falle kamar shi kaɗai ne a duniya, babu iska a samansa ko a ƙasansa. Alhali kwano a cikin iska yake, kuma ƙara ba komai ba ce illa iskar da ake matsawa ana saki, tana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, a zafin Afrilunmu ma ta kai wajen 355. Idan wannan matsi da sakin ya iso kan falle, turawa yake yana ja. Ƙarfin turin kaɗan ne ƙwarai, amma rufi na da faɗi, ga shi ba nauyi. Idan yawan turin a daƙiƙa ya dace da ɗaya daga cikin muryoyin fallen, sai kowane turi ya zo daidai lokacin da zai ƙara wa na baya, kamar mai tura yaro a lilo. Nan ne kwano ke kamawa. Shi ya sa a gida ɗaya taga guda ce ke zuza idan babbar mota ta tsaya a waje, sauran shiru: ita ce muryarta ta dace da ta injin. Direba ya ƙara wuta, ta yi shiru, wata ta karɓa.

Ba daga gefe ɗaya abin yake ba. Falle idan ya kaɗa shi ma yana tura iska, ya zama lasifika, ya zuba ƙarar cikin ɗaki, kuma ta haka yake zubar da wani ɓangare na ƙarfinsa. Iskar da ke manne da shi tana kuma ƙara masa nauyi, ta ɗan sauke muryarsa. A ƙarfe mai kauri wannan ba a bakin komai yake ba, amma a falle mai siriri sosai ana ganinsa, a cikin ruwa kuwa ba a magana. Ku buga murfin tukunya a sarari, ku sake bugawa rabinsa na cikin bokitin ruwa, kunnenku zai ba ku labari. Horace Lamb ya yi lissafin wannan a 1920, zamanin da ake neman hanyar sauraron jiragen ƙarƙashin teku.

Akwai wata shaida mai daɗi da ke cikin rairayin Chladni tun farko. Shi kansa ya lura cewa ƙura mai laushi ba ta bin rairayi, tana taruwa ne a daidai inda rawa ta fi ƙarfi. Michael Faraday a Ingila ya warware wannan a 1831: fallen na kaɗa iskar da ke samansa ta riƙa juyawa, ita ce ke kwashe ƙurar. Da ya sa fallen a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, sai ƙurar ta koma layin da rairayi yake. Mun gwada irin wannan a ɗakinmu na hostal da guntun falle da muka roƙa wurin mai walda. Muka ɗora shi bisa bakin lasifika a kan 'yan guntayen soso, yadda ba ya taɓa abin da ke bugawa, muka barbaɗa gishiri, muka sa manhajar waya mai fitar da amo ɗaya muna hawa da shi a hankali. Tsawon lokaci gishiri na kwance abinsa. Can sai ya zabura ya ja layi. Muka wuce wurin, ya lafa, gaba kuma ya sake zabura da wani zanen daban. Ba bakan goge, ba hannu, iska ce kawai ta kai saƙon. Maƙwabtanmu dai sun ce an tara aljanu a ɗakin.

Masu gini su riƙe abu biyu. Nauyi shi ne babban maganin ƙara: a ƙa'ida, duk ninkin nauyin bango ko rufi sau biyu yana rage ƙarar da ke ratsawa da kimanin desibel 6. Ɗakin soro na kakata a Safana, da azara da ƙasa a kansa, ko ana tsawa za ka yi hira ba ka ɗaga murya ba, ɗakin kwanon da ke jikinsa kuwa idan ruwa ya kece sai dai nuni da hannu. Ba tsafi ba ne, nauyi ne, ga kuma ƙasa na shanye girgiza. Na biyun, kowane falle yana da wani amo da yake zama kamar buɗaɗɗiyar ƙofa gare shi, inda tafiyar igiyar sauti a iska ta yi daidai da tafiyar lanƙwasa a jikin fallen. Lothar Cremer ya bayyana wannan a Jamus a 1942. Ga gilashi mai kaurin milimita 4, wurin yana wajen kaɗawa 3,000 a daƙiƙa, cikin inda kunnen ɗan Adam ya fi ji. Shi ya sa masu haɗa taga mai gilashi biyu sukan sa kaurinsu ya bambanta, don kada ƙofofin biyu su buɗe a wuri ɗaya.

Kada wani ya fita ya ce na ce ƙara ce ke yaye rufi a farkon damina. Wannan aikin iska ne da ƙusar da ba ta kama ba. Yawancin ƙarar da muke ji ma ba muryar kwanon ba ce zalla, karo ne tsakanin falle da falle ko falle da kan ƙusa inda ya yi sako-sako, kuma wannan gogayyar ce ke faɗaɗa ramin ƙusa har ɗaki ya fara yoyo. Amma inda ƙara ta kai ƙara, tana karya ƙarfe da kanta. A shekarun 1950 an riƙa samun tsagewa a fallayen jikin jiragen sama kusa da bakin injin jet, ba don komai ba sai rurin injin. Yau kafin a harba tauraron ɗan Adam sai an kulle shi a ɗaki an sakar masa ƙarar da ta haura desibel 140, a ga ko fallayensa za su jure tashin roka. Makirfon ɗin wayar da ke hannunku ma wani ɗan falle ne da bai kai ƙwayar gero ba, aikinsa ke nan ya kaɗa idan kun yi magana.

Sofi ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bayan ta ci kyautar ma ba ta da izinin shiga zaman Cibiyar yadda take so, don matan da aka saba bari su shiga su ne matan 'yan majalisar. Sai da Fourier ya zama sakatare a 1822 ya sama mata hanya. Ta ci gaba da aiki a kan fallaye, har ta rubuta takarda musamman a kan rawar da kauri ke takawa, ta miƙa wa kwamitin da ya ƙunshi Poisson da Laplace da Prony. Ba su ba da rahoto a kanta ba.

A 1829 aka gano tana da kansar mama. Cikin ciwon ta kammala takardarta a kan lanƙwasar fuskoki, inda ta yi amfani da ma'aunin nan na matsakaicin lanƙwasa da ake koyarwa har yau, aka buga ta a wata mujallar lissafi ta Jamus a 1831. Ta rasu ranar 27 ga Yuni 1831 a Faris, tana da shekara 55, aka binne ta a maƙabartar Père Lachaise. Ma'aikacin da ya cike takardar mutuwarta, a gurbin sana'a, ya rubuta ta a matsayin mai cin kuɗin dukiya, ba masaniyar lissafi ba. Ba ta da satifiket na kowace makaranta. Shekara shida bayan haka Gauss ya nuna takaicinsa cewa ta cancanci digirin girmamawa na jami'ar Göttingen da tana raye.

Takardar nan ta kauri kuwa, a cikin tarkacen takardun Prony aka tsince ta bayan shi ma ya mutu, aka buga ta a 1880. Shekara tara bayan nan aka gama hasumiyar Eiffel a Faris, aka zana sunayen masana da injiniyoyin Faransa 72 a jikin ƙarfenta. Akwai Lagrange, akwai Fourier, akwai Laplace da Poisson da Prony. Duka 72 ɗin maza ne.